Idan sikeli ya kafe: yadda ake rage ƙiba ba tare da an karaya a hanya ba

Masu rage ƙiba ba a makon farko suke zubewa ba. Makon farko ai daɗi gare shi: an bar lemon kwalba, malmalar tuwo ta sauko daga uku zuwa ɗaya da rabi, an hau sikeli an ga kilo biyu sun tafi. Inda gwiwa ke yin sanyi shi ne wajen mako na biyar zuwa na takwas, lokacin da mutum yana nan kan bakansa, yunwa na cinsa, ƙafafu na tsami saboda tattaki, amma sikeli ya kafe wuri guda, wata rana ma ya ɗan hau. Sai ka ji ana cewa, "Ni jikina ba ya ji," ko "Ƙibar nan ta gado ce, ko ruwa na sha kitse yake zama." Daga nan sai a koma gidan jiya.

Da yawa daga cikin masu ajiye abin a wannan gaɓa suna ajiye shi ne yana tsakiyar yin aiki. An yi awo ba daidai ba, an kuma yanka wa jiki wa'adin da ba zai iya cikawa ba. Wa'azin "ka daure" ba ya kwana biyu a zuciyar wanda yake ganin kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Abin da ke riƙe mutum shi ne ya san lissafin, ya kuma iya ganin motsin da idonsa ko da ƙanƙani ne.

Kitsen mako guda da ruwan leda guda

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Wanda yake cin ƙasa da abin da jikinsa ke ƙonawa da kalori 500 a kullum, kuma wannan ragi ne mai kyau da ake iya jurewa, zai tara giɓin 3,500 a mako. Bai kai rabin kilo ba. A raba shi kwana bakwai, kitsen da ke narkewa a yini giram 65 ne ko makamancin haka. To ɗauki ruwan leda ɗaya ka ɗora a tafin hannunka. Santilita 50 ne, nauyinsa rabin kilo. Ka shanye shi ka hau sikeli, ka rufe aikin mako guda cur, alhali ko ɗigon kitse bai dawo ba.

Sikeli ba ya rarrabe kitse da ruwa da abin da ke cikin hanji. Komai haɗawa yake ya ba ka lamba ɗaya. Shi ya sa nauyin lafiyayyen mutum kan yi sama da ƙasa da kilo ɗaya zuwa biyu tsakanin yau da gobe. Gishiri na riƙe ruwa: daren da aka ci balangu da yaji, ko kilishi, ko indomi da duk sinadarin da ke cikin ledarta, washegari sikeli zai nuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini bai kamata ya kai giram 5 ba, wato cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule, kuma tukunyar miya da aka marmasa wa dunƙule shida ta riga ta yi nisa. Maƙarƙashiya ta kwana biyu tana da nauyinta. Mata kan tara ruwa a kwanakin da al'ada ta kusa zuwa, wasu har kilo ɗaya ko biyu, ya sauka da kansa bayan ta zo. Wanda ya fara motsa jiki sabo-sabo, tsokarsa kan riƙe ruwa yayin da take gyara kanta, sai ya ga ya fara wahala kuma nauyi ya ƙaru.

Hatta kilo biyun nan na makon farko da ke faranta rai, yawancinsu ruwa ne. Jiki yana ajiye sitaci kamar giram 400 zuwa 500 a tsoka da hanta, kowane giram kuma yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Da an rage tuwo da shinkafa da sukari, ajiyar ta ragu, ruwan ya bi ta. Abin sau ɗaya yake faruwa. Matsalar ita ce mutum ya ɗauki makon farko a matsayin ma'auni, sai duk makon da ya biyo baya ya zama kamar faɗuwa. Saurin da likitoci ke ɗauka daidai shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, kuma mace gajeriya wadda ƙibarta ba ta yi yawa ba za ta iya ganin rubu'in kilo a mako, ta kuma kasance tana kan hanya. Ramewar gaggawa, sama da kilo ɗaya da rabi a mako na tsawon lokaci, tana cinye tsoka kuma tana ƙara haɗarin tsakuwa a maɗaciya.

Yadda ake awon da ba ya yaudara

A hau sikeli da safe, bayan an zagaya, kafin a sa komai a baki, da tufafi marasa nauyi iri ɗaya. Sikeli ɗaya, a wuri ɗaya, a kan siminti ko tayil. A kan darduma ko tabarma ko ƙasa mai gangare lambar ƙarya yake bayarwa. Sikelin kemis da na asibiti da na gida ba sa haɗuwa, don haka kar a gwada lambar wannan da ta wancan.

Sannan a rubuta lambar a manta da ita har ƙarshen mako. Ranar bakwai a tara a raba. Ga misali, makon wani mutum: 88.4, 88.9, 88.1, 88.6, 89.3, 88.2, 88.0. An tara an raba bakwai, 88.5. Mako na biyu: 88.3, 87.8, 88.5, 87.7, 88.6, 88.0, 87.8, wato 88.1. Ya sauke giram 400, daidai abin da ake nema. Amma da a ce sau biyu kawai ya auna, ranar ƙarshe ta makon farko da rana ta biyar ta mako na biyu, zai ga 88.0 sannan 88.6, ya yanke hukuncin cewa ƙaruwa ma yake yi. A irin wannan safiya ake watsar da tsarin da ke tafiya lafiya lau. Wanda ba zai iya kullum ba, sau uku a mako ya isa. Mace ta gwada makon nan da takwaransa na watan jiya, kwanakin gabanin al'ada da kwanakin gabanin al'ada. Wanda kuwa hawa sikeli ke ɓata masa yini gaba ɗaya, ko yake sa shi ƙin cin abinci, gara ya ajiye sikelin ya koma awon ƙugu.

Awon ƙugu ma ya fi faɗin gaskiya game da lafiya, domin kitsen teɓa shi ne mai alaƙa da ciwon suga da hawan jini. Tef ɗin tela ya isa. A tsaya, a laluba ƙarshen haƙarƙari na ƙasa da saman ƙashin ƙugu, a zagaya tef ɗin a tsakiyarsu, yawanci ɗan sama da cibiya. A saki numfashi, kar a tsuke ciki, kar a ja tef ɗin ya nutse cikin fata. Sau ɗaya a mako biyu. Haɗari yana farawa daga santimita 94 ga maza da 80 ga mata, yana tsananta daga 102 da 88. Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar lamba: a yanki igiya daidai tsayin mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ƙugu. In bakunan sun haɗu, ƙugun bai wuce rabin tsayi ba, abin da ake so kenan. In akwai tazara, a riƙa lura da tazarar. Yau yatsu huɗu, bayan wata biyu yatsu uku.

Tufafinmu ma suna ɓoye canji. Babbar riga, jallabiya, abaya, zani da wando mai mazagi duk suna karɓar mutum ko ya ƙaru ko ya ragu da kilo biyar. A ware riga ɗaya ɗinkakkiya wadda ta matse, a riƙa gwada ta duk mako biyu.

Me ya sa abin ke rage gudu da gaske

Bayan an cire yaudarar ruwa, akwai raguwar gudu ta gaskiya, kuma tana da dalilai biyu. Na farko, ƙaramin jiki ƙaramin mai yake sha. Duk kilo ɗaya da ya tafi, abin da jiki ke ƙonawa a yini yana raguwa da kalori 20 zuwa 30. Wanda ya sauke kilo takwas, giɓin 500 da ya fara da shi ya koma wajen 300, ko da bai ƙara loma ɗaya ba. Na biyu ya fi ƙarfi, kuma shi ne ba a cika faɗa wa mutane ba. Kevin Hall, wanda a lokacin yake bincike a cibiyar binciken lafiya ta ƙasa a Amurka, da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2016 cewa duk kilo ɗaya da mutum ya sauke, sha'awar abincinsa tana ƙaruwa da kusan kalori 100 a yini. A Melbon ta Ostireliya kuma, wani bincike da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa shekara guda bayan mutane sun rage nauyi, sinadarin da ke kawo yunwa yana nan sama da yadda yake a da, wanda ke sanar da ƙoshi kuma yana ƙasa.

Ma'anar wannan ita ce, yunwar da mutum ke ji a wata na uku ba raunin zuciya ba ce. Jiki ne ke neman a mayar masa da ajiyarsa, kuma ba ya nema da ƙarfi, sai da dabara: ludayi ya ɗan ƙara cika, malmala ta ɗan ƙara girma, hannu ya kai wa gyaɗa ba a sani ba. Kalori 300 ɗin da suka rage na giɓi, cokalin mai biyu da rabi ne kacal.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan abinci dai bai sani ba. A 1992 an yi wani bincike a New York kan mutanen da suka ce suna cin ƙasa da kalori 1,200 a yini amma ba sa ramewa. Da aka auna da na'ura, aka samu abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin ɗari, motsa jikin da suke faɗa kuma ya zarce na gaskiya da kashi 51. Ba ƙarya suke yi ba, haka idon kowa yake.

Saboda haka, sai matsakaicin nauyi da awon ƙugu sun yi mako uku zuwa huɗu ba motsi ake cewa an tsaya. Ƙasa da haka a ci gaba kawai. In an tabbatar an tsaya, abu na farko ba rage abinci ba ne, rubutu ne: kwana bakwai, har da Asabar da Lahadi, duk abin da ya shiga baki, a lokacin da ya shiga, ba da dare a tuna ba. Kuma a irin abincinmu akwai wuraren da kusan kullum ake kama ɓarawon.

Man girki shi ne na ɗaya, da tazara. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja ko na zaitun mai tsada, kalori 120 ne. Ka dubi yadda ake zuba shi a kan shinkafa da wake ko ɗanwake: a karkata kwalba, a zagaya faranti sau biyu har ya taru a gefe yana ƙyalli. Cokali uku ko huɗu kenan, kusan giɓin yini guda, kafin a taɓa shinkafar. Hanya mafi sauƙi ta gano gaskiya ita ce a lura kwana nawa kwalba take yi a gida. Kwalba mai santilita 75 tana ɗauke da kalori wajen 6,000. Gida mai mutum shida da ke shanye ta a kwana uku, kowa yana shan fiye da 300 a yini daga mai kaɗai. A daina zubawa daga kwalba, a koma cokali. Ƙosai, waina, awara, fanke, soyayyen dankali da doya duk soso ne na mai. Alale da dafaffen wake suna ba da abin da ƙosai ke bayarwa ba tare da kaskon suya ba.

Na biyu abin sha. Lemon kwalba mai santilita 50 yana iya ɗaukar sukari wajen giram 50, cokalin shayi goma sha biyu, kalori 200. Lemon malt da ake ɗauka na ƙara jini ne bai fi shi sauƙi ba. Zoɓo shi kansa kusan ba kalori a cikinsa, sukarin da aka narka ne, kunun aya da kunun zaƙi da fura da nono kuwa suna da nasu kalorin, ga na sukari a kai. Kalorin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna, shi ya sa mutum zai sha fura kofi guda da rana kuma ya ci tuwonsa cikakke da dare. Ga kuma teburin mai shayi: indomi ɗaya, ƙwai biyu da aka soya cikin mai, burodi rabin ƙarami, shayi mai kauri da madara da sukari cokali uku masu tozo. A lissafa, ya haura kalori 1,000, kuma mai shi zai ce maka bai ci abincin dare ba, shayi kawai ya sha.

Na uku ƙananan abubuwan da ba a ƙirgawa. Gyaɗa giram 100, abin da bai fi cikin tafi biyu ba, tana da kalori kusan 570. Mai girki tana ɗanɗana miya, tana cin ƙanzo, tana ƙarasa ragowar yara don kar a yi almubazzaranci. Ragowar nan in an rufe ta an miƙa wa almajiri, ba a yi asara ba.

Na huɗu ƙarshen mako. Litinin zuwa Juma'a an tara giɓin 2,500. Asabar ɗaurin aure da walima, Lahadi suna, kowace rana an zarce da 1,200. Mako ya tashi a tutar babu, kuma mutum yana da gaskiya in ya ce kwana biyar ya yi yana wahala.

In an gano inda yake yoyo, a toshe wuri ɗaya ko biyu, kalori 150 zuwa 200 a yini, a ƙara tattakin minti 15 zuwa 20, a ba shi mako uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne fushi: a yanke abinci zuwa sau ɗaya a yini, a daure kwana huɗu, rana ta biyar a cinye tukunya. Kada mace ta sauka ƙasa da kalori 1,200 ko namiji ƙasa da 1,500 sai da kulawar likita. Abin da ke karya yunwa shi ne furotin da ganye. A raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, kamar kwaɗon zogale ko rama, kabeji, alayyahu, miyar kuɓewa ko kuka mai yawa, rubu'i wake, ƙwai, kifi, nama marar kitse ko kindirmo ba sukari, rubu'in ƙarshe tuwo ko shinkafa, kamar girman dunƙulen hannun mai ci. Wanda ake ci tare da shi a tire ɗaya ba zai taɓa sanin abin da ya ci ba, don haka ya ɗebi nasa a faranti ya zauna cikin jama'a ya ci. Wanda ya gaji da gaske bayan wata uku ko huɗu, ba laifi ya ɗauki mako ɗaya ko biyu yana cin abin da zai riƙe nauyinsa, ba ragi ba ƙari, yana ci gaba da awo. Hutu da shiri ya fi watsarwa da fushi.

Barci yana cikin lissafin. A wani ƙaramin bincike a Jami'ar Chicago a 2010, mutum goma suka yi ragin abinci iri ɗaya sau biyu, mako bibbiyu. Da aka ba su awa takwas da rabi na kwanciya, kitsen da suka sauke kilo 1.4 ne, da aka ba su awa biyar da rabi, kilo 0.6, sauran nauyin da ya tafi daga tsoka da ruwa, ga ƙarin yunwa. Mai kwana kan waya har ƙarfe ɗaya kuma ya tashi asuba, ya duba nan kafin ya zargi tuwo.

Tattaki kuwa, a san abin da yake iyawa. Mai kilo 85 da ya yi minti 30 yana tafiya da sauri ya ƙona kalori wajen 150, bai kai lemon kwalba ɗaya ba. Wanda ya ɗora duk fatansa a kan motsa jiki zai karaya. Amfaninsa yana wajen saukar da suga da hawan jini, kare tsoka, da hana nauyin dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da minti 150 zuwa 300 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya magana amma ba za ka iya jan karatu da ƙira'a ba. A watannin zafi, bayan asuba ko gab da magariba. Wadda ba ta fita, zagayen tsakar gida minti goma bayan kowane abinci ya ba ta talatin. Atisayen tsoka ba sai an je gidan motsa jiki ba: tashi-zauna daga kujera, tura bango da hannuwa, ɗaga jarkar ruwa mai lita biyar, kowanne sau 10 zuwa 12, a maimaita sau biyu ko uku.

Bakin mutane, da na masu magani

Akwai abin da ke kashe gwiwa a wajenmu wanda ba ya cikin lissafin kalori. A inda ake ɗaukar ƙiba alamar hutu da wadata, wanda ya fara ramewa tambaya yake sha. "Lafiya kuwa? Ka zube." "Ko maigidan ba ya kawo cefane ne?" Gwaggo ta cika kwano ta ce sai an cinye, ƙi kuma ya zama raini. Jayayya ba ta da amfani a nan. Amsa ɗaya gajeriya wadda ba a musu da ita ta fi: "Saboda hawan jini ne, Gwaggo," ko "Gwiwa ce ta dame ni, an ce in rage." A karɓi kwanon, a ci kaɗan, a yaba, a roƙi a tafi da sauran gida. Gidan biki kuma kar a je da yunwa. Ƙwai biyu ko kofin kindirmo kafin a fita yana rage ɓarna.

In kuma an zarce, an zarce. Ƙarin kalori 1,000 a zama ɗaya kitsen giram 130 ne. Washegari sikeli zai iya nuna kilo ɗaya da rabi, amma ruwa ne da gishiri da abin da ke ciki, zai sauka cikin kwana biyu zuwa huɗu. Abin da ke yin ɓarnar gaske shi ne "tunda na riga na ɓata, sai Litinin," ranar Laraba. A koma kan tsari a abinci na gaba, ba tare da horon yunwa ba.

Lokacin da sikeli ya kafe ne kasuwar masu shayin rage teɓa take buɗewa. Yawancin irin waɗannan ganyen sanya gudawa ne ko fitsari. Kilo biyun da suke saukewa ruwa ne, yana dawowa da an sha, kuma yawan amfani da su yana lalata aikin hanji ya zubar da gishirin jini. Mafi muni, an sha kama wasu kayan rage ƙiba da ake cewa na ganye ne an cusa musu sibutiramin, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Abin da ba shi da lambar NAFDAC kar a kusance shi, mai lambar ma ba alƙawari ba ne cewa yana narka kitse. Hatta allurar da duniya ke ta magana a kai, wadda ake sayarwa da sunan Wegovy da Ozempic, a babban gwajin da aka wallafa a 2021 sai da aka yi mako 68 kafin a kai matsakaicin ragin kashi 15 cikin ɗari, kuma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku a shekara guda. Shekara ɗaya da wata huɗu kenan, da allura.

Akwai kuma lokacin da ya kamata a ga likita maimakon a ƙara matsa wa kai. Wasu magunguna suna ƙara nauyi: firedinisolon da deksametason, insulin, wasu magungunan damuwa da taɓin hankali, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku ga wasu mata. Kar a daina kowanne da kai, a tambayi wanda ya rubuta. Kasala, jin sanyi, bushewar fata da maƙarƙashiya tare suna iya nuna raunin tayirod, wata halitta a gaban wuya mai daidaita yadda jiki ke ƙona abinci. Rikicewar al'ada da gashi a haɓa su ma abin dubawa ne. Nauyin da ya hau da sauri tare da kumburin ƙafa ko haki ba kitse ba ne, a tafi asibiti. Mai shan maganin suga ko na hawan jini ya sanar da likitansa cewa yana rage nauyi, domin adadin da ya dace da shi a kilo 95 yana iya yi masa yawa a 88. Mai juna biyu ba ta rage ƙiba.

Ina aka dosa

Mai kilo 92 da ya sa a ransa sai ya koma 65 na zamanin samartaka, duk abin da ya samu ƙasa da haka zai gan shi kamar ba komai. Jiki kuwa tun da wuri yake fara biya. A Amurka an bi mutum 3,234 da ke gab da kamuwa da ciwon suga na kusan shekara uku, aka wallafa sakamakon a 2002. Rukunin da aka ɗora kan gyaran abinci da tattakin minti 150 a mako, matsakaicin abin da suka sauke kilo 5.6 ne kawai, amma kamuwa da ciwon ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba ƙwayar metfomin, wani maganin suga, ta ragu da kashi 31. Don haka zangon farko kashi 5 cikin ɗari ne, kilo 4.6 ga mai 92, a wata uku ko huɗu. Na biyu kashi 10. A auna hawan jini da sugan safe a farko, a sake bayan wata uku. Sau da yawa nan ake fara ganin riba, tare da gwiwar da ta daina ƙara wajen sujada da hakin da ya ragu a matakala.

Kuma a bar ƙirga abin da ba a da iko a kansa. Ba wanda zai iya umartar sikeli ya nuna 87 ranar Juma'a, amma kowa na iya sanin ko ya yi tattaki yau, ko ya auna mai da cokali, ko ya wuce lemo. A zaɓi abu uku irin waɗannan, a rataye kalanda, a riƙa sa alama. Kwana biyar cikin bakwai mako ne mai kyau. Abokin tattaki da zai ƙwanƙwasa ƙofa bayan asuba ya fi zauren WhatsApp da ake jera lambobi, domin maza da masu nauyi sosai sun fi saurin sauka a farko, kuma gwada kai da su ba ya haifar da komai sai takaici.

Azumin Ramadan yana buƙatar nasa shirin, don a nan lissafin mutane da yawa yake rikicewa. Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna masu azumi kan sauke kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a watan, kuma yawanci ya dawo cikin 'yan makonni bayan Sallah. Awon yamma kafin buɗa-baki ƙishirwa yake nunawa, don haka a tsayar da lokaci ɗaya, misali da hantsi, a yi ta yi a nan har watan ya ƙare. A buɗe baki da dabino uku da ruwa, a yi sallah, sannan a zauna ga faranti ɗaya mai rabon nan na rabi da rubu'i biyu. Soye-soye a zaɓi iri ɗaya, ba ƙosai da dankali da doya da ƙwai a tire guda ba. Sahur ya ƙunshi wake ko ƙwai ko kindirmo, ba kunu da sukari kaɗai ba. Lambar da za a yi hukunci da ita kuwa ba ta ranar Sallah ba ce, ba ta washegarinta ba: matsakaicin mako na uku na Shawwal za a ɗauka, a gwada da na makon ƙarshe na Sha'aban.